Neman shawara: Linux Mint a kan filasha ba ya riƙe abin da na ajiye

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in riƙa tayar da kwamfutar yayana da Linux Mint, tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows, daga filasha mai 16GB, ba tare da na taɓa masa Windows ba. Na rubuta ISO ɗin, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗaya, a kan filashar da manhajar Rufus, yana tashi lafiya, amma da na kashe sai duk abin da na saka ya ɓace. Ina gyaran yake?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Haka aka tsara shi, malam: karanta ISO kawai ake yi, aikinka kuwa a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, yake zama, yana tafiya da wuta. Kwashe fayilolinka, don filashar za ta goge kakaf, sannan ka sake rubutawa. Bayan ka zaɓi ISO a Rufus za ka ga "Persistent partition size", wato girman ɓangaren da zai riƙe abin da ka ajiye. Ja shi zuwa 10GB, tunda Mint 22 bai wuce 3GB ba. Maɓallin da za ka danna don tayarwa daga filasha F9 ne a HP, F12 a Dell.

Amsa ta biyu

Gaskiya ne, amma wannan hanya tana da iyaka. Kernel, wato zuciyar Linux, yana ɓangaren da ba a rubutu a kai, ko manhajar sabuntawa ta Update Manager ta sauko da sabo ba da shi za ka tashi ba, wuri kawai zai cinye. Ita ma filasha ba ta da sauri wajen rubuta ƙananan fayiloli, shi ya sa burauza ke sanƙarewa.

In aikin kullum ne, nemi diski mai sauri na SSD mai 128GB da gidansa na USB 3.0, ka yi cikakken sakawa daga filashar. Raba shi biyu: 512MB a tsarin FAT32 don EFI, ɓangaren da kwamfuta ke tashi daga shi, sauran a tsarin ext4 don Mint.

Ga inda ake faɗawa rami. A kwamfuta mai UEFI, tsarin tayarwa na zamani, manhajar saka Mint takan zuba GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a ɓangaren EFI na farko da ta gani, wato na diskin cikin kwamfutar, ko da na waje ka zaɓa. Sakamakon biyu ne: SSD ɗinka ba zai tashi a wata kwamfutar ba, ta yayanka kuma in an zare shi sai ta tsaya a baƙin allo mai "grub>". Cire diskin ciki kafin ka fara. In ba ya ciruwa, buɗe GParted, manhajar sarrafa ɓangarorin diski, ka cire wa EFI ɗinsa tutar esp, alamar da ke nuna shi ne na tayarwa, ka mayar bayan an gama.

Mai tambaya

Na gode. SSD sai nan gaba, aljihu babu nauyi yanzu.

Amsa ta uku

To bi ta farko, ɗan'uwa, amma ɗauki Mint na Xfce, nau'in mara nauyi, in RAM 4GB ce, kuma ka bar sabunta kernel. Kafin komai gwada filashar da H2testw, manhajar auna ainihin girmanta. Jabu sun cika kasuwa, a rubuta 16GB alhali ba ta kai ba, fayil na wuce ainihin girmanta sai ya lalace.

Kada kuma ka kashe Secure Boot, tsaron tayar da kwamfuta, da ka. In BitLocker, mai kulle diskin Windows, na kunne, Windows zai iya neman makullin ceto mai lambobi 48, sai yayanka ya fito da shi daga asusunsa na Microsoft tukuna. Kuma kada ka zare filashar sai kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, in ba haka ba ɓangaren ajiyar zai iya lalacewa.