Neman kalma: me za mu ce da "kirash" na kwamfuta?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza, gobe da safe za mu ɗauki shiri kan yadda mutum zai gano abin da ke damun kwamfutarsa ta gida idan laifin na kayan ciki ne, ba na manhaja ba. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato abin da Turawa ke cewa kirash. Na sa "rushewa", da na karanta a fili sai na ji kamar labarin katanga nake bayarwa.

Ɗaliba: Wa alaikumus salam. "Ta sume" fa? Ai faɗuwa take yi ta farfaɗo.

Mai gyara: Yallaɓai, wace iri? Mu in mutum ya kawo mana ya ce ta yi kirash, sai mun tambaye shi yaya ta yi. Akwai wadda za ta mutu ɗif ba sallama. Wannan zafi ne ko akwatin wuta, wato wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafinta ya doshi digiri 100 tana rage gudu da kanta, in abin ya ƙi sai ta kashe komai. A duba fanka, a kakkaɓe ƙura, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta. Akwai mai nuna shuɗin allo ta sake tashi. In saƙon yana canzawa kullum, Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, nake fara zargi: a sa MemTest86, manhajar gwada Ram, a filash ya kwana yana gwaji, kuskure ko ɗaya ya isa, sai a riƙa cire sandunan Ram ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ta uku kuma tsayawa take cak, linzami ba ya motsi. In har da ƙarar ƙas-ƙas, a kwashe fayiloli tukuna kafin a duba lafiyar hadis, wato faifan da ke ajiye su, da manhajar CrystalDiskInfo.

Malamin Hausa: Kafin a je nan, ina da gyara. Ba kwamfuta ba ce, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce. Kirash kuwa na daɗe da samo mata suna: "tsayawar fuju'a", a kan awon mutuwar fuju'a. Ta haɗe duka ukun da ya lissafa. Ɗalibaina sun saba da ita.

Ɗaliba: Allah gafarta Malam, ai fuju'a Larabci ce. Na'ura ma haka.

Malamin Hausa: Larabcin da ya shekara ɗaruruwa a bakinmu ba ɗaya yake da Turancin da ya shigo jiya ba. Ku dubi abin da ya rubuta: furosesa, filash, hadis. Hadis fa! Mai sauraro ya ji an ce a duba lafiyar hadis, me zai ɗauka? Raina harshe ke sa haka.

Mai gyara: Malam, ba raini ba ne. Mota da tebur da burki wa ya kore su? Hadis ɗin na yarda, a ce "ma'ajiya". Amma ba wanda zai shigo ya ce mini na'urarsa ta yi tsayawar fuju'a. Kuma haɗe su ɗin shi ne illar. Wanda tasa ke mutuwa saboda zafi zai je ya sayi Ram a banza.

Wani mai bibiya: Ni dai "farfaɗiya" ta fi zama mini.

Ɗaliba: A'a, akwai masu fama da ita suna sauraro.

Malamin Hausa: Kullum haka ne, mai sana'a ya fi wanda ya karanci nahawu. Ba komai.

Mai shirin rediyo: Malam, a yi haƙuri, ba wanda ya fi wani. Ga abin da na rubuta: "ta ɗauke" ga mai mutuwa ɗif, "ta sume" ga mai shuɗin allo, "ta daskare" ga mai tsayawa cak. Oga, da sauran abin da zan ƙara?

Mai gyara: Biyu. Kada ka jingina da launi, domin Microsoft ta mai da allon baƙi a sabbin Windows 11 tun 2025, ka ce "allon kuskure". Sannan ka ja kunnensu kada kowa ya buɗe akwatin wuta, kafasitocinsa, wato 'yan kayan da ke tara wuta a ciki, na riƙe caji ko an zare waya. Mai son raba gardama tsakanin manhaja da kayan ciki ya tayar da Linux, wata babbar manhaja kishiyar Windows, daga filash. In can ma ta sume, Windows ba ta da laifi.

Malamin Hausa: Daskarewa ta ruwa ce, "sandarewa" ya kamata. Kuma har yanzu ba ku da kalmar da za ku sa a kan shirin.

Mai shirin rediyo: Na karɓi sandarewa. Kan shirin kuwa zan faɗi tsayawar fuju'a sau ɗaya a gabatarwa, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Malamin Hausa: Sau ɗaya. To, Allah ya sa a ji.