Zan fara koyar da darasin zamantakewa a firamare a Legas, waɗanda suka taɓa yi ya kuka yi da shi?

Ɗalibar NCE, Agege:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, zangon da ke tafe za a tura mu TP, wato koyarwar gwaji a makarantu, kuma darasin zamantakewa nake fatan a ba ni, aji huɗu ko biyar. Ba na so in buɗe da haddar shekaru, wato 1914 aka haɗe Kudu da Arewa, 1960 aka samu 'yancin kai, 1967 aka ƙirƙiro jihar Legas. Duk za mu je wurin, amma na fi son in fara da abin da yaro ya taka da ƙafarsa. Ɗan Zangon Agege kullum sai ya tsallaka titin jirgi, ai ya kamata ya san layin dogon nan ya isa Kano tun 1911, kuma fataucin goro na cikin abin da ya zaunar da kakanninmu a nan. Don Allah masu koyarwa da masu yara a firamare, ya abin yake a aji?

Tsohon malami, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Ki sani dai za ki tarar da jadawalin zango a hannun hedimasta, mako-mako, da shi za a auna littafin shirin darasinki. Ni wanda ya fi ba ni aiki shi ne darasin jihar asali. Na tambayi wani yaro, ya ce shi ɗan Mushin ne. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce ƙarya yake, ɗan Kano ne. Yaron nan a Idi-Araba ta yankin Mushin aka haifi ubansa, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsa, Kano kuwa ko biki bai taɓa kai shi ba. Sai na ajiye alli, na ce kowa ya faɗi inda aka haife shi da inda aka haifi kakansa, ina rubutawa a allo. Sai ga Ilori, ga Abekuta, ga Inugu, ga Sakkwato, har da Kwatano. Wanda ya fara tsokanar ma kakansa daga Ekiti ya zo. Ranar ba mu taɓa abin da ke jadawali ba, na kuma sha faɗa a ofis, amma har muka rabu ban ƙara jin an yi wa yaron dariya ba.

Maman 'yan biyu, Obalende:
Malama mai jiran gado, ki duba hotunan littafi tun kafin ki shiga aji. A na 'yata, Bahaushe ɗaya ne tal, da malfa da sanda yana bin shanu. Ta dawo gida tana tambayata ina shanun babanta, mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki! Abin da ya zauna mata a kai kuwa shi ne ranar da aka kai su gidan tarihi na Onikan, ta ga motar da aka kashe Janar Murtala a ciki a 1976, ga ramukan harsashi. Da na ce mata barikin Dodan da muke wucewa nan ne fadar gwamnati kafin a koma Abuja a 1991, sai da ta sa muka tsaya ta leƙa ta bakin ƙofa.

Mai gwari, Mile 12:
Ni fa ƙanwata ki yi haƙuri, kuɗin makaranta muke biya yaro ya ci jarrabawa. Kada yawon buɗe ido ya cinye zango. Amma idan kin zo kan darasin kasuwanci, kawo su kasuwar Mile 12 da sassafe su ga ana sauke kwandunan tumatir daga Kano da buhunan albasa daga Aliero. Ni zan zagaya da su.

Ɗalibar NCE, Agege:
Na gode ƙwarai. Yaya, ba zan bar jarrabawa ba in sha Allah. Baba malam, ya ake neman izinin fita da yara? Mai TP ana barinta?

Tsohon malami, Idi-Araba:
Ke kaɗai ba za a bar ki ba. Ki bi ta hannun malamin ajin, shi zai kai wa hedimasta, sannan a aika wa iyaye takarda su sa hannu. Kuɗin mota ne ke kashe maganar, don haka ki fara da inda za ku je da ƙafa.