"Mu Mafarauta": Yadda Zancen Cika Harsashi Ya Rikice a Zaure

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙorafi, kuma don Allah a bar ni in kai aya. Tun ƙarancin harsashi na 2020 da 2021, lokacin da za ka shiga shago a nan Texas ka tarar da kanta wayam, na ƙuduri aniyar koyon cika harsashina da kaina. Bana Allah ya nufa na sayi kayan: injin matsawa na RCBS, sikeli, littafin awo da sauran tarkace. Bindigata .308 ce. Ga wanda bai sani ba, harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, albarushi, ƙwayar da ke fita, sai ɗan maɓallin da ke gindin kwanson mai tayar da wuta, wato firaima. In ka harba uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma galibi shi ya fi tsada. Sai ka tsince shi, ka tsaftace, ka mayar da shi girmansa, ka sake cikawa. Kwanso ɗaya yana zagayowa sau da dama. To ta yaya wannan ba zai fi saye arha ba? Amma wan matata ya zo gidana ya leƙa gareji, ya koma yana yaɗawa a dangi wai na buɗe masana'antar makamai. Har maganar ta kai gida, tsohuwa ta kira ni tana kuka. Mu mafarauta mun saba da a ƙi fahimtarmu, amma wannan ta yi yawa.

Ɗan Auta: Yaya a turo hoton garejin mana mu sha kallo.

Jikan Sarkin Baka: Wa'alaikumussalam. Allah ya huci zuciyarka, ya ba tsohuwa haƙuri. Amma tsaya. "Mu mafarauta" ka ce? Kai da wa?

Baban Amira: Ni da duk mai fita daji da bindiga. Duk Nuwamba in an buɗe lokacin barewa ina fita.

Jikan Sarkin Baka: Ai mun ga bidiyon da ka turo bara. Kana zaune cikin wani ɗan akurki da aka ɗora kan ƙafafun ƙarfe, ga kujera, ga filas ɗin shayi. A gabanka na'ura tana watsa masara a kan lokaci, barewa ta saba, ta zo karin kumallo, ka leƙa ta madubi ka danna kunama. Wannan ba farauta ba ce, yanka ne daga nesa. Kakana yakan bi sawun gwanki tun asuba har rana ta karkata, da adaka mai ɗuri ɗaya. In ya kuskure shi ke nan, kafin ya sake ɗura albarushi nama ya tsallake rafi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai wane gudu ka ci?

Baban Amira: Dokar Texas ce ta halatta zuba masara, ba ni na ƙirƙiro ba. Kuma ba wannan na kawo ba.

Akanta: Bari in taɓa abin da ya kawo ɗin. Baban Amira, ka manta da jari a lissafinka. Inji da sikeli da sauran kaya sun ci ɗaruruwan daloli kafin ka cika ko guda. Albarushi da firaima in ka yi odarsu ta intanet, akwai kuɗin kaya masu haɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin aike. Kuma a wancan ƙarancin da kake faɗa firaimar ma ɓacewa ta yi, masu cikawa da kansu su ma zaman jira suka yi. Mai harba ɗaruruwa a wata zai fanshe kuɗinsa. Mai neman barewa ɗaya ko biyu a shekara, kwali guda mai harsashi 20 ya ishe shi har ya yi saura. Wanne ne kai a ciki?

Malam Na-Tudu: Ku duka kun kauce. Wanda ke fita shi kaɗai da baka ko bindiga, maharbi ne. Farauta kuwa ta gayya ce, da rani, da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari. Don haka Baban Amira in ma wani abu ne to maharbi ne. Kakan Jikan Sarkin Baka ma maharbi ne, ai ga sarautar nan ta faɗa.

Jikan Sarkin Baka: Malam da girmanka za ka haɗa kakana da mai filas?

Malam Na-Tudu: Ban haɗa su ba, na raba ne.

Mai Kanti: Wane irin maharbi ne gidan rediyo ke cewa mafarauta kullum? Lokacin da suka taimaka wa sojoji aka ƙwato Mubi daga Boko Haram a 2014, mafarauta aka ce da su, kuma da bindigogin toka suka je, ba da karnuka ba. Malam bar wannan rabe-raben.

Malam Na-Tudu: Yanzu 'yan jarida ne za su koya mana Hausa?

Mai Kanti: Su ma Hausawa ne.

Jikan Sarkin Baka: Na gode Mai Kanti, ka kawo hujjata. Waɗancan su ne maza. A kai naka can ya nemi na'urar masara mu gani.

Mai Kanti: Ba hujjarka na kawo ba. Mutanen Adamawa ne suka yi wannan aikin, ban ji an ce ga Bazazzagi ko ɗaya a ciki ba. Ku dai a bar ku da dogon bayani.

Jikan Sarkin Baka: To ga shi nan, Kanawa sun fara taruwa. Dama Bakano ko bindiga ya riƙe lissafin riba yake. Wa ya taɓa jin maharbi yana tsintar kwanso a ƙasa don kada ya yi asarar kwabo?

Ɗan Auta: Wallahi yau akwai kallo.

Barista: A ɗan dakata, akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, musamman ga ɗalibanmu da ke karantawa shiru. A dokar tarayyar Amurka, cika harsashi don amfanin kanka ba ya bukatar lasisi. Ranar da ka mayar da shi sana'a kana sayarwa, sai da lasisin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Sannan wanda yake ƙasar da biza ta wucin gadi, irin ta karatu, an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan togaciyar da doka ta yi, wanda ɗaya daga ciki shi ne ya mallaki lasisin farauta na jiha mai aiki. Kuma doka ta lissafa kwanso da firaima da albarushi duk a matsayin harsashi. Kada wani ya je taya Baban Amira aiki a gareji ya jawo wa kansa. Jihohi ma kowace da nata, abin da ya wuce a Texas ba lallai ya wuce a New York ba.

Baban Amira: Alhamdulillah. Kun ji ko? Lasisin me Barista ya ce? Na farauta. Ina da shi a aljihu. Gwamnatin jiha guda ta ce ni mafarauci ne, sai Jikan Sarkin Baka ne zai tuɓe ni?

Jikan Sarkin Baka: Lasisin da ake saya a kanti? Kakana har ya koma ga Allah bai riƙe takarda ba, amma in ya shiga dawa namun daji sun san ya shigo.

Barista: Wannan kuma ba abin alfahari ba ne a gaban lauya.

Na Gida: Ni tambayata, wannan injin za a iya turo mana shi nan? Kun san halin da muke ciki da 'yan bindiga.

Barista: A'a, kuma kada wanda ya gwada. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, ta hana shigo da su ba da izini ba. Ko adaka ma lasisi take bukata. Ƙera harsashi aikin irin su DICON ne, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda aka kafa tun 1964. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, shugaban hafsoshin tsaro fitowa ya yi ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Mai aikowa da mai karɓa duk ɗaurin ne.

Hajiya Babba: Ni na yi shiru ne ina karantawa. Baban Amira, ka zo kana kai ƙarar wan matarka, amma ba ka tsaya ka ji kukan mahaifiyarka ba. Ita ba ta san Texas ba. Abin da ta sani shi ne a watan Maris na 2025 an tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe mutum 16. In an ce mata ɗanta baƙo a ƙasar wasu yana haɗa harsashi a gida, me kake so ta yi, guɗa?

Mai Kanti: Allah ya jiƙansu da rahama.

Jikan Sarkin Baka: Amin. Allah ya gafarta musu.

Baban Amira: Amin. Hajiya na ji, amma da ya tambaye ni kafin ya kai magana gida.

Hajiya Babba: Ƙanwarsa ce a gidan, 'ya'yan ƙanwarsa ne ke wasa a garejin. Yana da ta cewa.

Dokta: A nan Hajiya ta taɓo inda nake so. Ni ba fashewa ce ta fi damuna ba, dalma ce. Yawancin firaima akwai sinadarin dalma a ciki, in an harba yana barin ƙura a kwanso. In kana goge kwanson a busasshen inji, ƙurar nan tana tashi ta sauka a ƙasa, a tufafi, a hannu. Babba zai iya ɗauka bai ji komai ba, ƙaramin yaro kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, kuma iyaye ne suka riƙa shigo da duwatsun ma'adinai cikin gida suna niƙawa. Ban ce garejinka ya kai can ba, ko kusa. Amma kada Amira ta shiga wurin, kada a ci abinci a wurin, a wanke hannu, a kulle albarushi da firaima nesa da wuta.

Mai Kanti: Dokta ku kullum sai kun tsorata mutane. Kakanninmu da hannu suke narka dalma.

Dokta: Wa ya auna jininsu?

Injiniya: Wani abin kuma, awon da ke littattafan nan giren ne, ba giram ba. Giren 7000 ne a laba ɗaya, giram ɗaya ya haura giren 15. Mutum ya saita sikelinsa a inda ba daidai ba, ko ya ɗauki albarushin ƙaramar bindiga ya zuba a kwanson babba, bindigar a fuskarsa za ta tarwatse. Shi ya sa ba a karɓar awo daga bakin aboki ko daga bidiyo, sai littafin kamfanin da ya gwada, kuma daga mafi ƙanƙanta ake farawa. Kuma Jikan Sarkin Baka, albarushin adaka daban, na zamani marar hayaƙi daban. Tun 1884 da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi aka raba hanya. Wanda ya ɗura na zamani a adaka bututun fashewa zai yi.

Jikan Sarkin Baka: Mu namu ba ya bukatar sikeli, ido ne da gado.

Injiniya: Shi ya sa ake ganin wasu tsofaffin maharba da yatsu ba cikakku ba.

Jikan Sarkin Baka: Ka janye wannan maganar.

Injiniya: Ban kira sunan kowa ba.

Ɗan Auta: Ni dai tambayata, naman ma ya halatta? Na ji an ce Texas aladun daji sun fi barewa yawa 😂

Baban Amira: Kai Auta ka kiyaye ni.

Malam Na-Tudu: Barin wasa, tambayar tana da tushe. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim yana cikin Bukhari da Muslim: abin da makami ya huda a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. Harsashi hudawa yake, don haka malamai da yawa suka halatta, in an yi bisimilla lokacin harbi. In ka same ta da rai sai ka yanka. Kuma ku lura, babin da malamai suka kawo wannan a Hausa babin farauta muke ce masa.

Mai Kanti: Au! Malam ba kai ka ce harbi daban farauta daban ba?

Malam Na-Tudu: Wancan al'ada, wannan fiƙihu.

Baban Amira: Na kawo maganar arha da maganar cin fuskar da aka yi mini. An kira ni mai filas, an ce ni mahauci ne daga nesa, an ce zan sa wa 'yata guba. Ba wanda ya ce wan matata bai kyauta ba. Na gode.

Akanta: Ni na amsa maka maganar arha tun ɗazu, kai ne ba ka amsa tawa ba.

*Baban Amira ya fita daga zauren.*

Shugaban Zaure: To jama'a, a tsaya haka. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kusan kowa ya yarda cewa zama a akurki ana jiran barewa ba farauta ba ce, kuma muna godiya ga ɗan uwa Jikan Sarkin Baka da ya tuna mana tarihin magabata cikin natsuwa da hujja. Na biyu, Akanta ya tabbatar da cewa babu wata arha a cika harsashi. Na uku, Barista da Dokta sun nuna abin yana da haɗari ta fuskar doka da lafiya. Muna kira ga 'yan uwanmu Kanawa su rage zafin kai in ana muhawara, musamman Mai Kanti. Injiniya zai ba da haƙuri kan maganar yatsu. Za a dawo da Baban Amira in ya huce. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su tuntuɓi ma'aji.

Akanta: Shugaba ban ce babu arha ba. Cewa na yi ya danganta da yawan harbin mutum.

Mai Kanti: "Kusan kowa" su wa? Kai da ɗan garinku?

*Shugabannin zaure ne kaɗai za su iya tura saƙo.*