Muhawara: Wa ke jan ragamar gungun?

Mai ƙorafi: Jama'a, ku taya ni gani. Na rubuta a jarrabawa cewa gungun ƙwayoyi masu tura kansu na iya fuskantar alƙibla ɗaya ba tare da shugaba ba, sai mai duba takarda ya ja jan biro a kai. Alhali masanin fiziks Tamás Vicsek da abokan aikinsa sun nuna haka tun 1995 da ƙwayoyin kwaikwayo, wato ɗigogi masu motsi a cikin kwamfuta: kowace ƙwaya tana tafiya da gudu iri ɗaya, tana bin matsakaicin alƙiblar maƙwabtanta da ke cikin wata da'ira kewaye da ita tare da ɗan kaucewa, kuma da zarar kaucewar ta ragu ko cunkoso ya ƙaru, sai duk gungun ya kama hanya guda.

Ɗalibar nazarin halittu: Malam, kalmar "shugaba" ce ta kayar da kai. Ƙwayar cikin kwamfuta ba ta jin yunwa, amma binciken Iain Couzin na 2005 ya nuna cewa 'yan tsirarun da suka san inda abinci yake suna iya karkata garke duka.

Malamin fiziks: Wanda ya san hanya daban, shugaba daban, Malama. Ai sauran garken ba su ma san wane ne masanin ba.

Ɗalibar nazarin halittu: To, wanda ake bi ba a sani ba, me za mu kira shi?

Wani ɗalibi: Ku masu nazarin halittu kullum sai kun naɗa wa tsuntsaye sarki.

Ɗalibar nazarin halittu: Ku kuma kun mayar da mai rai ɗigo a kan allo. Da aka ɗauki hotunan gungun tsuntsaye a sararin birnin Rum, sakamakon 2008 ya nuna kowane tsuntsu yana lura da maƙwabta shida ko bakwai ne, komai nisansu, ba duk wanda ke cikin da'ira ba kamar yadda Vicsek ya tsara.

Malamin fiziks: Masana fiziks ne suka yi wannan aikin, har da Giorgio Parisi, sai ki gode mana.

Mai ƙorafi: Ni dai maganar makina nake yi, don Allah.

Mai kula da zaure: A taƙaice, bakin jama'a ya zo ɗaya cewa gungun ba shi da shugaba, kuma Malamin fiziks ya warware zancen tsaf. Malama ta kawo wasu 'yan misalai da ba su taɓa ginshiƙin maganar ba. Batun maki kuwa, a koma wurin mai duba takarda.