Kuɗin aikin injin yanka katako na tafi-da-gidanka a Amurka

Masu jan injin yanka katako irin na kamfanin Wood-Mizer zuwa gonakin mutane sun tattauna kan farashi. Yawancinsu sun ce idan gumaguman manya ne miƙaƙƙu, a yi lissafin kuɗin aiki da ma'aunin katako: ƙafa 1 tsawo, ƙafa 1 faɗi, kaurin inci 1. Ƙanana kuwa, ko karkatattu, ko masu laka, gara a karɓi kuɗi bisa awa, domin suna cin lokaci, katakonsu kaɗan. Ni ma nan na tsaya.

Kuɗin mai da kuɗin kafa inji lissafinsu daban ne. Ƙusa a cikin itacen bakin gida tana kashe zarto nan take, don haka a sanar da mai itace tun kafin a tayar da inji cewa shi zai biya kuɗin zarton.