Baƙin ƙyallen lulluɓa na babbar kyamara: abin da kowa ya gani a wurin aiki

Mai tambaya, daga Kaduna

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Wata biyu ke nan da na mallaki kyamara mai zugazugi, wato fata mai naɗewa da ta haɗa idonta da bayanta, wadda take cin fim mai inci 4 a 5, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne ganin hoto a gilashin baya lokacin saiti. Na saba da yadda hoton yake fitowa kai a ƙasa, amma da zarar na fita fili da hantsi sai hasken rana ya wanke shi, har na kasa bambance inda ya fito tar da inda ya yi dishi-dishi. Da tawul nake lulluɓe kaina da bayan kyamarar domin in tare hasken, yana zamewa, haske kuma yana shigowa ta ƙasa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa saye ko ya kai wa tela ɗinkin irin wannan ƙyalle ya faɗa mana abin da ya gani.

Wani dattijo mai hoto, daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙyallen da na fara aiki da shi a hannun maigidana baƙi ne ciki da waje, mai kauri kamar bargo, kuma a cikin shago bai taɓa ba mu matsala ba. Ranar da na gane aibinsa ita ce ranar da na fita da shi ɗaukar hoton ganuwa a tsakiyar bazara. Ban yi minti 3 a ciki ba sai gumi ya cika mini ido, ya ɗiga a kan gilashin ƙara girma da nake duba saiti da shi, na yi ta gaggawa domin in fito in sha iska, kuma gaggawar ce ta sa hotuna biyu suka fito ba saiti. Baƙi yana shan zafin rana, shi ya sa tun daga lokacin nake ɗinka nawa ruɓi biyu, baƙi a ciki, fari a waje.

Idan ka je sayen yadi, kada ka yarda da launi kawai. Ni a Kantin Kwari nakan fito da bakin yadin waje, in ɗaga shi tsakanina da rana in manna ido, domin akwai baƙin da za ka rantse ba ya wuce haske, amma ka ga rana tana tsiyayowa ta tsakanin zarensa kamar rariya. Nemi auduga mai matsattsiyar saƙa, marar ƙyalli, saboda yadi mai sheƙi yana mayar da haske kan gilashi. Ka wanke baƙin shi kaɗai sau biyu kafin a haɗa shi da farin, in ba haka ba wankin farko zai zuba ya ɓata shi. Na taɓa gwada turkuɗi don ina son duhunsa, sai shuni ya bi mini goshi da hannu, daga hannu kuma ya hau gidan fim, wato ɗan akwatin da ake sa fim a ciki a zura a bayan kyamara. Karan-miski yana da duhu mai kyau, amma yana da nauyi kuma yana kwasar ƙura, ƙura kuwa idan ta sauka a kan fim baƙin ɗigo take bari a hoto. Ga kyamararka, santimita 90 a 120 ya isa ya rufe bayanta da kafaɗunka, har ka sami abin tattarewa a ƙarƙashin haɓa da hannun hagu.

Wani ɗan'uwa, daga Damagaram

Baba ya gama magana a kan yadi, ni a kan iska zan yi tawa. Kyamarata mai santimita 13 a 18 ce, irin girman da mai hoton nan na ƙasar Mali, Seydou Keïta, ya yi aiki da shi a Bamako, kuma da yake bayanta ya fi faɗi, ƙyallena ya fi girma, iska ta fi kama shi. An ba ni shawara in ɗinke ƙananan ƙarafa a kusurwoyi huɗu domin ya zauna, na kuwa yi. Wata safiya da hunturu iska ta ɗaga kusurwa ɗaya ta maka ta a gilashin saiti, na ji ƙarar tsagewarsa ina ƙarƙashin ƙyallen, kuma sai da na jira makonni kafin wani ya iso mini daga waje. Don haka ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka sa ƙarfe ko dutse. Idan dole sai da nauyi, a ninka bakin yadin sau uku a ɗinke.

Haka kuma kada ka ɗaure ƙyallen tamau a jikin kyamara ka juya baya, domin iska tana cika shi ta ja kyamarar da ƙafafunta uku zuwa ƙasa. Nawa Velcro, wato maɗaurin nan da ake mannawa a ɓanɓare, na sa masa a gefe guda, yana riƙewa lokacin saiti, fizga ɗaya kuma ya saki.

Wata 'yar'uwa mai karatu a Ingila

Ni na saya ne, irin na kamfanin Harrison mai ruwan azurfa a waje da baƙi a ciki, kuma ba ni da ƙorafi a kan duhunsa ko tare yayyafi. Sai dai yadin da ba ya wuce ruwa ba ya wuce iska sosai, kuma a sanyin nan numfashina yana taruwa a ciki ya yi raɓa a kan gilashi, sai in riƙe numfashi lokacin da na kai ido kusa, ko in ɗan buɗe ƙasan. Ƙanena, a Kaduna ba raɓa ce za ta dame ka ba, zafi ne, shi ya sa ban ga dalilin da za ka biya kuɗin aike a kansa ba.

Wata rana da na manta shi a gida, baƙin hijabin da yake cikin jakata na ciro, na zura bayan kyamarar ta wurin fuska, na shiga ta ƙasa. Ya kama bayan kyamarar mai inci 4 a 5 cif, babu hasken da ya shigo ta gefe, kuma hannuwana biyu suka zama a sake, ɗaya a kan gilashin ƙara girma, ɗaya a kan abin murɗa saiti. Yadinsa ne kawai ya yi shara-shara. Masu hoto a nan da baƙar riga mai gajeren hannu suke yin wannan dabara, ta wuyanta. Idan ka nuna wa tela hijabi ka ce irin wannan yanka kake so da yadi ruɓi biyu, nan take zai gane.

Dattijon Kano ya ƙara da cewa

'Yata ta kawo shawara mai kyau, amma akwai aikin da shimfiɗaɗɗen ƙyalle yake yi wanda mai zagaye ba ya yi da sauƙi. Bayan na gama saiti na rufe idon kyamara, na matse shi zuwa f/22, wato na ƙanƙanta kafar da haske yake shiga, na zura gidan fim, nakan yafa ƙyallen a kan zugazugin da bayan kyamarar kafin in zare marfin fim. Tsohon zugazugi yakan yi ƙananan huji a kusurwoyi, tsohon gidan fim kuma yakan ɗiyo haske ta bakin da marfin yake fita, kuma wannan yafawar ta cece mini fim da yawa da rana tsaka.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, Baba, da ku yayyena. Na kai wa tela baƙi da fari, na ce ya bar shi a shimfiɗe yadda Baba ya auna, amma ya yi wa gefe ɗaya ƙubaka ya zura zariya, domin in tsuke shi a bayan kyamara kamar hijabi lokacin saiti, in kuma sake shi lokacin yafawa. Zariyar ba zan ƙulla ta ba, saboda gargaɗin yayana na Damagaram. Jiya da dare na sa tocila a cikin zugazugin a ɗaki mai duhu, na ga huji biyu a kusurwar hagu ta sama, kuma ina neman wanda ya san abin da ake toshe su da shi ba tare da fatar ta sandare ba.