Gidajen alfarma da ba kowa a ciki: shawarwarin da aka bayar

An tattauna kan yadda manyan attajirai ke saye gidajen alfarma a Landan, New York da Dubai, su kulle su tafi. Kusan kowa ya yarda cewa ajiyar kuɗi suke yi, ba wurin kwana suke nema ba. An kawo misalin Ken Griffin, wani attajiri ɗan Amurka, wanda ya biya kimanin dala miliyan 238 a 2019 kan gida ɗaya a saman bene, a gefen Central Park, babban wurin shaƙatawa na New York.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara sanin mai gidan. Sau da yawa sunan wani kamfani ne a takarda, kamfanin kuma an yi masa rajista a wani tsibiri. Birtaniya ta wajabta bayyana ainihin masu irin waɗannan kamfanoni a 2022, kuma a ganina nan ne mafari, don ba a karɓar haraji daga wanda ba a sani ba.

Wasu sun ce a tsawwala haraji kamar Singafo, inda tun 2023 baƙo ɗan ƙasar waje ke biyan ƙarin kashi 60 cikin ɗari na kuɗin gidan da ya saya, ko a ci tarar gidan da aka bari ba kowa, kamar birnin Vancouver na Kanada. Wani dattijo bai gamsu ba. Ya ce in ƙasa ɗaya ta matsa, kuɗin sai su lallaɓa zuwa maƙwabciya, shi ya sa ya fi son shawarar Gabriel Zucman, masanin tattalin arziki ɗan Faransa, ta harajin kashi 2 kan dukiyar biloniyoyi, ƙasashe su karɓa tare.